Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Takardar da ta kwana 11 a aljihuna

A makon jiya na tsaya a daidai inda takardar ɗaukata makarantar koyon shirya fim ta iso hannuna. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, sai da takardar nan ta kwana 11 a aljihuna ban nuna wa kowa ba. Murna kam na yi ta, har bacci ya ƙaurace min a daren farko. Shafi na biyu ne ya ɗaure min baki, wanda aka jera kuɗin karatun shekara biyu a cikinsa, da na kayan aiki, da wani layi ƙarami a can ƙasa da ke cewa kowane ɗalibi shi zai ɗauki nauyin fim ɗinsa na kammalawa.

Lokacin ina da shekara uku a harkar. Yaron lokeshan ne ni: ɗaukar fitilu, naɗe wayoyi, riƙe sandar makirfo har kafaɗa ta mutu. Da dare kuma in zauna a bayan maigidana, wanda edita ne, ina kallon yadda yake yanka yana haɗawa. Duk abin da na tara a shekarun nan uku bai kai kuɗin shekarar farko ba. Sauran sai dai a taɓa kasona na gadon mahaifinmu, wanda ke hannun Yaya, kuma ko an taɓa ɗin sai an haɗa da bashi.

Ranar da na yi ta maza na kai masa, sau biyu ya karanta takardar. Ya ninke ta, ya ɗora a gwiwarsa.

"To, me za su sayar maka?"

"Karatu ne, Yaya."

"Na san karatu ne. Ran da ka gama, me za ka fito da shi a hannu wanda ba ka da shi yau? In da a ce kuɗin nan na damƙa maka su yanzu, ban da makaranta, me za ka yi da su?"

Wannan amsar tana bakina, don na daɗe ina lissafinta. Kyamara mai kyau, gilashinta guda biyu, na'urar ɗaukar murya, kwamfutar tace hoto, sannan a samu ragowar da za ta isa gajerun finafinai uku.

"Ka gani," in ji shi, "ga kaya a hannu, ga alkawari a takarda. Ban hana ka ba, haƙƙinka ne. Amma ka je ka yi mako guda, ka dawo min da dalilin da zai sa in yarda alkawarin ya fi kayan."

Ban ji daɗin maganar ba a ranar. Yau kuwa ina ganin ba wanda ya taɓa yi min gata irin wannan. Har wani kuɗin ya tuna min da shi wanda ba ya cikin takardar: shekara biyu ba na samun ko sisi, kuma gurbin da na sha wahala na samu a lokeshan ba zai jira ni ba, ran da na tafi wani zai shige shi.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi, wato neman sunayen manya. Masu cewa makaranta ɓata kuɗi ce suna da nasu: Stanley Kubrick mai ɗaukar hoto ne a wata mujalla a Amurka kafin ya shiga fim, Quentin Tarantino kuma a shagon ba da hayar kaset ya yi aiki, ba wanda ya zauna a ajin fim a cikinsu. Masu cewa a je su ma ba a bar su a baya ba. Ousmane Sembène na Senegal ya riga ya yi suna a rubutun littattafai, yana dab da shekara 40, ya tafi Mosko a farkon shekarun 1960 ya koyi aikin kyamara, saboda yana son labarinsa ya isa ga waɗanda ba sa karatu. Souleymane Cissé na Mali shi ma a Mosko ya yi karatunsa. Cikin kwana biyu na gane wannan hanyar ba za ta kai ni ko'ina ba. Kowane ɓangare waɗanda suka yi nasara yake lissafawa. Wanda ya biya kuɗin makaranta ya ƙare bai taɓa shirya fim ba, da wanda ya sayi kyamara ta tsufa a akwati, ba mai rubuta tarihinsu, alhali cikinsu ne nake tsoron samun kaina.

Abin da ya taɓa ni da gaske labarin makarantar fim ta Mosko ne, wadda Cissé ya yi karatu a cikinta. A 1919 aka buɗe ta, kuma ita ake ɗauka a matsayin makarantar fim ta farko a duniya. Ƙasar tana cikin yaƙi da talauci, faifan ɗaukar fim ya yi ƙaranci ƙwarai. Malaminsu Lev Kuleshov sai ya riƙa sa ɗalibai suna shirya fitowa a gaban aji kamar ana ɗauka alhali babu faifai a kyamara, suna kuma warware tsofaffin finafinai su sake jera su. A irin wannan yanayin ne aka yi gwajin da har yau ake kiransa da sunansa. An ɗauki fuskar wani jarumi wadda ba ta nuna komai, aka haɗa ta da hoton kwanon miya, aka sake haɗa ta da hoton gawa a akwati, sannan da hoton wata mace. Fuskar ɗaya ce ba ta canza ba, amma mai kallo sai ya ga yunwa a farko, baƙin ciki a na biyu, sha'awa a na uku. Ma'anar ba a cikin hoto ɗaya take ba, tana fitowa ne daga abin da ka ajiye kusa da shi.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Mutanen da ba su da abin ɗauka su ne suka gano ɗaya daga cikin manyan sirrin sana'ar, ni kuwa duk lissafina a kan kyamara yake. Abin da suke da shi ɗaki ne, da malami, da juna, da lokacin da za su gwada abu ya lalace su sake.

Lalacewar nan na san ta, don ta taɓa faɗa min. Wata rana mai kyamara ta biyu bai zo ba, aka miƙa min. Mutum biyu ne ke magana suna fuskantar juna. Na ga haske ya fi kyau ta ɗaya gefen, sai na zagaya na kafa a can. Da aka zo haɗawa, sai ga su duka biyun suna kallon ɓangare ɗaya, kamar kowa da bango yake magana. Aikin rabin yini ya tashi a banza, darakta ya wanke ni tas a gaban jama'a, kuma sai da na yi wata takwas ba a sake ba ni kyamara ba. A daren maigidana ya ɗauki batir biyu ya ajiye a tebur, ya ja layi tsakaninsu da yatsa, ya ce duk kyamarorin su tsaya a gefe ɗaya na layin nan, kada su tsallaka. Ita ce ƙa'idar digiri 180. Bayanin bai ci minti biyu ba. Ilimin ashe mai araha ne, kuskuren ne mai tsada, domin a lokeshan da kuɗin wani kake kuskure, kuma ba mai yafe maka sau biyu.

Akwai wani abokin aikina da ya gama irin wannan makaranta, ga shi kuma tare muke ɗaukar fitila, yana biyan bashin karatu duk wata. Na daɗe ina kallonsa a matsayin hujjar cewa makaranta ba ta da amfani. A cikin makon da Yaya ya ba ni na tambaye shi kai tsaye ko yana nadama.

"Rabi da rabi," ya ce. "Abin da aka koya mana a allo, hotuna 24 a daƙiƙa, fitila uku da inda ake kafa kowace, shafi ɗaya na labari kusan minti ɗaya a fim, duk za ka same su a intanet kyauta. Abin da ba za ka samu ba shi ne ranar da ake haska aikinka mutum 15 su zauna su faɗa maka gaskiya. 'Yan'uwanka za su ce ya yi kyau. Su waɗannan za su ce minti uku na farko ba su da aiki, cire su. Sannan duk aikin da na samu tun da na fito, ɗan ajinmu ne ya kira ni."

"To nadamar fa?"

"Ban yi tambaya ba kafin in biya. Hoton kyamarori na gani a takardarsu na ruɗe. Da na shiga, mu kusan 20 ne a kan guda ɗaya, kuma ba kowa ake bari ya ba da umarni a fim ɗin ƙarshe ba. Ni sau ɗaya na riƙe ta a zangon farko."

Daga bakinsa na fara jin cewa a wasu makarantun, fim ɗin da ka yi da kuɗinka ma ba naka ba ne, haƙƙin mallakarsa na makaranta ne. Shi ne kuma ya nuna min cewa kalmar "makarantar fim" ta haɗa abubuwa mabambanta. Akwai na gwamnati irin La Fémis a Faransa, inda kuɗin ba shi ne matsala ba, shigar ce sai an ci jarrabawa mai zafi kuma 'yan kaɗan ake ɗauka. Akwai kuma waɗanda ƙofarsu a buɗe take ga duk mai iya biya. Tawa dai ban sha wata wahala ba kafin a ɗauke ni, wannan ma sai ya fara damuna.

Maigidana na bari ƙarshe, don ina jin nauyin kada ya ɗauka guduwa zan yi in bar shi.

"Maigida, kai da ba ka je ba, in da za a mayar da kai baya, za ka je?"

Bai ɗauke ido daga allon kwamfuta ba. "Tunda nake, ba wanda ya taɓa ce min ina kwalinka. Cewa ake nuna mana abin da ka yi. In don kwali za ka, zauna. Amma ni sai da na shekara 12 kafin hannuna ya san inda zai yanka, kuma da finafinan mutane na koya, wasu na ɓata musu ban ma sani ba. In akwai inda za a taƙaita maka wannan, ban isa in ce kar ka je ba. Kai dai ka tabbata wurin ne."

A nan na tsaya, kuma har yau ban sauya ra'ayi ba: kayan aiki ba dalili ba ne, kwali ba dalili ba ne, darasin allo ma ba dalili ba ne. In zan ba da gadon mahaifina, zan ba da shi ne don a bar ni in ɓata fim biyar ko shida a gaban mutanen da suka san inda na ɓata. Saura in san ko makarantar da ta ɗauke ni tana da wannan ɗin.

Na zauna na rubuta musu tambayoyi huɗu. Ɗalibai nawa ne a kan kyamara ɗaya? Fim nawa kowane ɗalibi zai ba da umarninsa da kansa kafin ya gama, kuma na wa ne bayan an gama? Malaman suna cikin sana'ar har yanzu, ko sun daɗe da barinta? Waɗanda suka kammala shekara biyar da suka wuce, ina suke yanzu, kuma za a iya haɗa ni da uku daga cikinsu?

Da mako ya cika na kai wa Yaya takardar tambayoyin maimakon dalilin da ya nema. Ya karanta, ya ɗago ya dube ni.

"Aika musu. In sun amsa duka huɗun, ka zo mu zauna."

Amsa ta zo bayan kwana tara, saura kwana shida a rufe biyan kuɗi. Sun amsa uku dalla-dalla, har da hotuna. Ta huɗun ko ambatonta ba su yi ba. Yadda na nemo tsofaffin ɗaliban da kaina, da abin da ta farkon da na samu ta faɗa min a waya, shi za mu ɗora a kai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.