Abin da ƙananan ƙwayoyi suka koya mini game da zafi da lantarki

Tun 1821 Thomas Seebeck ya gano cewa idan aka haɗa ƙarafa biyu daban-daban, aka ɗumama mahaɗa ɗaya aka bar ɗayar da sanyi, lantarki zai gudana. Da na shiga binciken wannan fanni sai na ga samar da lantarkin ba shi ne jidalin ba, riƙe bambancin zafin ne. Ana neman abin da zai ba lantarki hanya ya kuma tare zafi, alhali mai kai ɗaya yakan kai ɗayan. Shi ya sa daga shekarun 1950 zuwa na 1990 ma'aunin da ake kira ZT, wanda ke nuna ingancin abu wajen juya zafi zuwa lantarki, ya cije a wajen 1, kuma sinadarin bismut telurayid ne ya riƙe kambin.

A 1993 Hicks da Mildred Dresselhaus suka nuna da lissafi cewa ƙanƙantar da abu zuwa 'yan nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, na iya sauya wannan. A cikin irin wannan daskararren abu yawancin zafi yana tafiya ne ta girgizar atom, kuma kowace iyaka tsakanin ƙwaya da ƙwaya tana wargaza wannan girgiza fiye da yadda take hana lantarki wucewa. A 2008 masu bincike a Boston suka niƙa bismut telurayid mai gauraye da antimoni ya zama gari, suka sake matse shi, ZT ya kai 1.4.

Sai dai iyakokin nan da ke kawo riba su ne lagon abin. Idan ya daɗe cikin zafi, ƙwayoyin na haɗewa su yi girma, ribar ta zube. A ɓangaren haske ma haka ne. Girman ɗigon kwantam, wato ƙwaya mai girman 'yan nanomita, shi ke zaɓar launin hasken da zai sha, amma fatarsa na kama lantarkin kafin ya isa waya. Ingancin farantin sola na ferobsikayit, wani nau'in sinadari mai shan haske, ya tashi daga kashi 3.8 cikin ɗari a 2009 zuwa sama da 25, abin burgewa ƙwarai, amma danshi da zafi na cin sa.

Yanzu in na ɗauki rahoton bincike, nakan tsallake babbar lambar da aka sa a gaba, in nemi awa nawa samfurin ya yi yana aiki kuma a wane zafi. Misali, kumbunan Voyager da aka harba a 1977 da gaurayen silikon da jamaniyam suke juya zafin fulutoniyam zuwa lantarki, ingancinsu bai kai kashi 10 ba, kuma sun yi sama da shekara 45 suna aiki.