Tsagar da Vickers ke yi a rufin zarkoniya: a ina lissafi ke kaucewa?

Fika-fikan injin tarbin, na jirgin sama ko na tashar lantarki, ana lulluɓe su da siririn rufin zarkoniya, wani nau'in tangaran mai jure zafi, mai kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na sinadarin yittiriya, don zafi kada ya cinye ƙarfen. Kaurinsa bai fi 'yan ɗaruruwan maikiron ba (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya) a yawancin aikin feshin filasma, inda ake narkar da garin zarkoniya a fesa shi kan ƙarfe. Ranar da ya tsage ya ɓare, ƙarfe ya zauna tsirara cikin wuta. Shi ya sa ake son sanin juriyarsa ga tsagewa, kuma hanya mafi araha ita ce a danna masa bakin daimon na Vickers, na gwajin taurin abu, mai kusurwa huɗu da digiri 136 tsakanin fuskokinsa masu kallon juna, a auna tsagar da ta fita.

Rabin aikin yana wajen shirya samfur. A fara cika ramukan rufin da ifoksi, wani irin gam mai daskarewa, a cikin injin zuƙe iska, sannan a yanka a hankali da zarton daimon, bakin zarton ya shiga ta rufin ya nufi ƙarfe, kada ya ɓamɓare shi. A goge fuskar yankan har zuwa garin gogewa mai girman maikiron 1. Wanda ya yi gaggawa a nan, tsagar da zai auna shi ya yi ta da hannunsa.

Ana dannawa a tsakiyar kaurin rufin, daƙiƙa 10 zuwa 15. A auna da wuri, domin danshin iska na iya ƙara tsawon tsaga. Lissafin da aka fi amfani da shi na Anstis da abokan aikinsa ne na 1981: K = 0.016 × √(E/H) × P ÷ c^1.5, inda K ke nufin juriya ga tsagewa, E ƙarfin ƙin miƙewa ko matsewa, H tauri, P kuma nauyin dannawa. Ku lura da c, wato tsawon tsaga daga tsakiyar tambarin da daimon ya bari: kuskuren kashi 10 a aunonta yakan zama kusan kashi 15 a sakamako.

Abin da ya fi damuna shi ne E. Dunƙulalliyar zarkoniya tana da kusan gigafaskal 200, amma rufin feshi cike yake da ramuka da ƙananan tsagogi, nasa yakan sauko zuwa 50 ko ƙasa. Ka saka 200 a gurbin 50, ka ninka amsarka sau biyu kenan. Kuma bayan rufin ya daɗe a zafin da ya haura digiri 1,100 na Salsiyas, ramukan na tsukewa, E ya hau, dole a sake auna shi.

Ga kuma halin tsagar kanta. An gina lissafin ne kan tsaga huɗu miƙaƙƙu daga kusurwoyi huɗu. A rufin feshi, biyu kawai kan fita, suna bin layin da narkakkun ɗigo suka kwanta kan juna, sauran ƙarfin kuwa ya tafi wajen murƙushe ramuka. Masu bincike Quinn da Bradt sun soki hanyar da kakkausar murya a 2007, kuma ina ganin suna da gaskiya. A yi amfani da ita wajen kwatanta rufi biyu da aka shirya iri ɗaya, da nauyi ɗaya, a danna aƙalla sau goma, a watsar da duk tambarin da tsagarsa ta faɗa cikin rami ko ta kai bakin rufin.