Abin da fitar wa masu keke hanya a tuddan bakin teku ya koya min

Aikina shi ne in fitar wa mutane hanyar da za su bi da keke, irin keken tseren nan mai siririyar taya, su tashi da safe su ratsa ƙauyuka da gonaki su leƙa teku su dawo masauki kafin duhu. Wata rana ni ne a gaba ina jan tawaga, wata rana ina baya a motar rakiya da ruwa da tiyub da famfo. Kuma duk wanda aka miƙa wa hanyar gobe tambayarsa ta farko ɗaya ce, kilomita nawa ne? Ni dai yanzu ba na amsa ta kai tsaye, don a ƙasa mai hawa da sauka kusa da teku yawan kilomita kusan ba ya gaya maka komai game da wunin da za ka yi.

Mutane suna zaton bakin teku shimfiɗe yake, tunda ai ruwa a kwance yake. To a wurare da yawa ba haka ba ne. Kusan duk wani rafi da ƙorama da ke yankin gaɓa teku yake nema, kowanne ya haƙa kwarinsa yana gangarowa, ita kuma hanyar da ke bin gaɓar teku dole ta yanka su ɗaya bayan ɗaya, ka sauka kwari ka haye gada ka hau tudu, kafin numfashinka ya dawo ga wani kwarin. Ba wani dutse mai suna da za ka ce ka hau, ƙila duk wunin ba ka wuce mita 150 sama da teku ba, amma in kwari goma ka ratsa kowanne zurfinsa mita 100 to ka hau mita 1,000 ke nan, kuma ƙafarka ta san da haka ko da taswira ba ta nuna wani tsauni ba. Shi ya sa lambar da nake fara dubawa ita ce jimillar hawa, sannan tsawon hanya.

Akwai kuma lissafin da mutane ba sa son yarda da shi sai sun gani, wai ai abin da ka ɓata a hawa za ka rama a gangara. Ba ka ramawa. Ɗauki tudu mai kilomita 5, ka hau shi a gudun kilomita 10 a awa, minti 30 ke nan. Ka gangaro kilomita 5 ɗin a gudun 40, minti bakwai da rabi. Kilomita 10 a minti 37 da rabi, wato matsakaicin gudunka 16 ne kawai, alhali kai a ranka ka haɗa 10 da 40 ka raba biyu kana jin 25 ka yi. Hawa ne ke cinye lokaci, gangara sai dai daɗi. In na ga mutum ya ce yana yin kilomita 80 cikin awa uku a shimfiɗaɗɗiyar hanya, a irin wannan ƙasar sai in sa masa awa biyar in kuma nemo masa inda zai zauna ya huta a tsakiya.

Shi kansa tsinin tudu ana auna shi da kashi cikin ɗari ne, kashi 5 na nufin duk mita 100 da ka yi gaba ka ɗaga sama mita 5. Kashi 3 ko 4 kowa zai hau yana hira, daga 8 hira ta ƙare, daga 12 zuwa sama za ka fara ganin masu sauka suna turawa. Amma matsakaicin da manhaja ke ba ka yana ɓoye abu, tudu zai iya fitowa da kashi 5 alhali rabinsa kusan a kwance yake sauran rabin kuma bango ne, kuma ƙananan hanyoyin ƙauye sun ƙware a wannan don ba injiniya ya zauna ya sassauta su ba, tsofaffin turbobi ne aka zuba wa kwalta, inda ƙafa ta miƙe nan hanya ta miƙe. Sannan inda tudun ya zo a cikin wunin ya fi girmansa muhimmanci. Dubi tseren Milan zuwa San Remo a Italiya, wanda ake yi tun 1907, kusan kilomita 300, kuma dogon sashensa na ƙarshe a gaɓar teku yake. Tudun Poggio da ke dab da ƙarshe bai kai kilomita 4 ba, tsininsa bai kai kashi 4 ba, da safe da sabuwar ƙafa ba komai ba ne, amma da yake yana zuwa bayan an sha tafiyar wuni guda a nan ake yawan raba gardama tsakanin manyan 'yan tseren duniya. To ina ga wanda ya zo hutu. Don haka in da hali, manyan hawa nake sa wa a rabin farko, na ƙarshen wuni in bar shi mai sauƙi.

Giyar keke kuwa ba na jayayya a kanta. Ƙaramin faranti na gaba mai haƙora 34, na baya mafi girma 32 ko 34, shi ke nan. Wanda ya ce shi ba ya buƙatar giya mai laushi haka, sai in ce to ka bar ta nan ba ta cin abinci.

Abin da ya fi ɗaukar min lokaci kafin in gane shi sosai iska ce, don ita ba ta fitowa a taswira. Da rana ƙasa tana saurin yin zafi fiye da ruwa, iskar da ke kan ƙasa ta yi sama, mai sanyi ta kwararo daga teku ta cike gurbin, shi ya sa a ranar da gari ya yi haske da safe za ka ji shiru, wajen tsakar rana ta fara kaɗawa, da la'asar ta kai ƙarfinta, daga teku zuwa cikin ƙasa. Da dare kuma ta juya amma ba da ƙarfi haka ba. Kuma turjiyar iska ba ninki biyu take yi ba in gudunta ya ninka, ninki huɗu take yi, kana tafiya a 20 iska na zuwa maka a 20 to abin da ke ture ƙirjinka ya ninka na ranar da babu iska sau huɗu. Wannan ne ya sa zagaye ɗaya, kwalta ɗaya, in ka bi ta hannun dama wuni ne mai daɗi, in ka bi ta hagu azaba ce. Ni yadda nake so, a nufi wajen teku da safe lokacin da iska ta kwanta, a dawo cikin ƙasa da yamma tana tura ka ta baya, sai dai wannan ma ba doka ba ce, in akwai babbar iskar yankin da ke kaɗawa daga wani ɓangare ita ce gaba, dole ka duba hasashen yanayi a daren ka kuma yarda ka juya tsarin da ka sha wahalar yi. Wanda yake ganin iska wasa ce ya nemi bidiyon tseren keke na Cape Town a Afirka ta Kudu na 2017, tseren kilomita 109 da dubban mutane ke shiga, soke shi aka yi a safiyar ranar, mutane na riƙe da kekunansu iska na neman fizge su.

Sai 'yan hanyoyin nan masu sauka bakin ruwa su tsaya. Kowa na son su don hoto, kuma a waya sai ka ga ai ɗan ratse ne na kilomita biyu ko uku, amma duk abin da ka gangara sai ka hau shi, kuma bayan ka zauna jikinka ya yi sanyi. Sa Calobra da ke tsibirin Mayorka na ƙasar Sifen ita ce babbar misali, kusan kilomita 10 a tsinin kashi 7, sauka kake fara yi har teku sannan ka juyo, babu wata kwaltar fita sai ita. Masu zuwa can sun san abin da suka je yi. Matsalar ita ce ƙananan irinta da ba su da suna, da mutum zai faɗa ciki bai shirya ba. In na sa irin wannan a hanya sai in rubuta ƙarara cewa zaɓi ne, ga kuma mita nawa za ka hau in ka dawo.

Manhajojin fitar da hanya irin su Strava da Komoot suna taimako, ban raina su ba, amma ba na ba kowa hanyar da ban taka da tayata ba. Akwai abubuwan da sai ido. Ƙasan kwari misali, inda gangara ta ƙare, kusan kullum nan ne kwana mai kaifi da siririyar gada suke haɗuwa, nan ne kuma ruwan sama ke tara yashi da tsakuwa, kana zuwa da gudun da ka kwaso daga sama, inuwar itatuwa ta rufe wurin kwalta ba ta bushe ba, ƙila tarakta ta bar laka, ƙila dabbobi na tsallakawa. Birki kafin kwana ake kama shi ba a cikinta ba, wannan nakan faɗa kowace safiya har an gaji da ji. A irin kwarin nan ma sabis ɗin waya kan ɗauke, don haka taswirar a sauke ta cikin waya tun a masauki. Iskar teku kuma gishiri gare ta, sarƙar da ba a goge an sa wa mai ba da wuri take fara tsatsa.

Tawaga a tudu take watsewa, ba yadda za ka yi, mai ƙarfi ya wuce mai nauyi ya rage a baya. A saman tudu ake jira, kuma ba a tashi da zarar na ƙarshe ya iso, don in aka yi haka waɗanda suka fi ƙarfi sun huta minti goma shi da ya fi kowa buƙata bai samu ko ɗaya ba. Shi nake kallo in zan tsara hanya, shi nake nema wa mararrabar da zai yanke ya koma in ƙafa ta ƙi, kuma tun da safe nake nuna wa kowa ita a gaban jama'a, don in an bari sai la'asar babu mai yarda ya ce shi ne zai bi gajeriyar hanya.