Giyar otomatik da ke yin lafiya yau ta rikice gobe: yadda na gano ciwon tawa

Motar ta hannu ce na saya, otomatik, kuma da safe idan ka tada ta wallahi ba ka ce akwai wani abu ba, giya na shiga sumul. Sai an yi tafiya ta ɗau zafi, musamman in an daɗe a cunkoso, sai ka ji ta buga gim, ta maƙale a giya ta uku, ka taka totur injin na ihu amma motar ta yi nauyi wajen tashi. In na faka na kashe na sake tadawa sai ta koma daidai kamar ba ita ba. Bakaniken farko da na kai wa ya zaga da ita bai ga komai ba, amma duk da haka ya ce a sauke giyabos a sa wani. Ni kuma hankalina bai kwanta ba, don in faifan kulocin ciki ne suka cinye ai kashe mota da tadawa ba zai warkar da su ba. Abin da ke gyaruwa da murɗa makulli yawanci lantarki ne, kwamfutar giya ce ta ga wani abu da bai mata ba sai ta kulle motar a giya ɗaya don kar a yi ɓarna.

Na fara rubuta duk lokacin da abin ya faru, gudun nawa nake, injin ya yi zafi ko a'a, hanya mai gargada ce ko shimfiɗaɗɗiya. Nan na lura zafi da jijjiga ne ke haɗuwa.

Sai man giya. Tawa tana da geji, wato sandar auna man, na duba a wuri mai daidai, injin na aiki kuma da zafi, kamar yadda littafin motar ya ce (wasu motocin kamar Honda a kashe ake duba su, wasu sababbin ma babu gejin sam, don haka ka karanta littafin taka). Na ɗiga a farar takarda, ja ne da ya ɗan yi duhu, ba ƙaurin ƙuna, ba ɓarɓashin ƙarfe. Da ya yi kamar an zuba madara a ciki to ruwan lagireto ne ya shiga, wannan kuma babbar magana ce. Na gwada batir ma, volt 12.6 a kashe, wajen 14 in injin na aiki, na goge wayar at, wato wadda ke haɗa batir da jikin motar, saboda ƙarancin wuta kaɗai na iya sa giya ta haukace.

Inda aikin ya yi daɗi shi ne na'urar sikanin, wadda ke karanto lambobin matsala daga kwamfutar mota. Akwai soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, OBD2, wanda tun 1996 aka wajabta shi a motocin da ake sayarwa a Amurka. Ƙaramar na'urar da na fara sawa P0700 kawai ta nuna, kuma wannan lambar ba ta faɗin ciwo, cewa kawai take kwamfutar giya na da ƙorafi, je ka tambaye ta. Sai da rewaya ya sa babbar wadda ke shiga ɓangaren giya muka ga P0720, wato layin sensar da ke auna gudun fitowa daga giya. Don Allah kar ka bari a cire kan batir ko a goge lambobin kafin a karanta su, shaidarka ke nan ake sharewa.

Amma lamba ba ta nufin sensa ta mutu. Muka hau hanya, rewayan yana riƙe da na'urar yana kallon gudun kai tsaye, ni ina tuƙi. Da motar ta yi zafi muka bi gargada, ina tafiya wajen 60 sai gudun da na'urar ke nunawa ya faɗo sifili na ƙiftawar ido ya dawo, a take giyar ta buga. Muka dawo muka cire soket ɗin sensar, ciki ya yi kore-kore da tsatsa, ɗaya daga cikin bakunan ya saki, ga wayar ta gogu da jikin ƙarfe har jan tagulla ya leƙo. Ya sa mita a kan wayar yana girgiza ta da hannu, karatun sai yankewa yake yana dawowa.

Aka canza soket, aka ɗinke wayar aka ɗaure ta nesa da inda take gogawa, sensar ma ba a taɓa ta ba. Man kuma na sa aka tsiyaye aka zuba irin wanda kamfanin ya rubuta, ban yarda a wanke cikin giyar da injin matsi ba tunda ban san tarihin motar ba. Bayan nan muka goge lambobin, na koma irin hanyar da ke tada ciwon da zafin rana na bi ta sau da dama, aka sake sa na'ura, babu lamba ko ɗaya da ta dawo.