Godiya ga ƴan uwana ma'aikatan otal, bayan abin da ya same mu

Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar ƴata Auta ta taka ƙafarta da ta karye da kanta, taki huɗu daga tabarma zuwa bakin randa, ba wanda ya riƙe ta. Uwarta ta rufe fuska da mayafi tana kuka, ni kuma na ce to yau kam zan rubuta saƙon nan da nake ta ɗagawa. Ku yi haƙuri in ya zo a hargitse, har yanzu barcin wata biyu nake bin kaina.

Ba sai na maimaita muku ruwan Juma'ar nan ta 30 ga Agusta 2024 ba. Duk wanda ke Maradi ya ga abin da ya gani, kuma akwai gidajen da aka fitar da gawa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya sa shahada ce, Ya ba iyalansu dangana. Mu bango ne ya faɗi, ƙafar yarinya ta karye a cinya, kayan ɗaki suka bi ruwa. In na tuna waɗancan gidaje sai in ji kunyar kiran nawa jarrabawa.

Abu ɗaya ne ba ya barin idona. Ina teburin karɓar baƙi, makullan ɗakuna a gabana, littafin rajista a buɗe, sai maƙwabcina ya kira. Abin da na iya ji cikin ƙarar ruwa kawai shi ne "bango" da "yarinya". Maigida ba ya gari. Duk wanda ya yi aikin nan ya san ba a barin tebur, ko da gobara ce sai ka miƙa makulli a hannun wani. Na tsaya riƙe da waya kamar an dasa ni, ƙafafuna sun ƙi motsi. Sai ga Yaya Kuku ya fito daga kicin, hannunsa duk albasa, ya dube ni sau ɗaya ya zare makullan daga gabana.

"Tafi, ƙanena. Yau ni ne mai tebur."

Na ce, "Yaya, ai ba ka karatun Faransanci."

Ya ce, "Baƙin nan ba Faransanci suka zo kwana da shi ba. Tafi!"

Da na leƙo otal bayan kwana uku na buɗe rajistar, na tarar ya rubuta sunayen baƙi da ajami, a gaban wanda ya biya ya zana zobe, wanda bai biya ba ya ja masa kara. Ko dala ba ta ɓata ba. Shafin nan na roƙi maigida kada a yage shi.

Na san ba a kiran sunan mai alheri a bainar jama'a, wai kada a rage masa lada. To ni ba zan iya yin shiru ba, sai dai zan kira ku da sunan da muke kiranku a bakin aiki. Direban otal ɗin da ke ƙetaren titi, wanda kullum muke hararar juna a tasha wajen tarar baƙo, shi ya tsinto ni ina ratsa ruwa har ƙugu bayan ƴan kabu-kabu duk sun ajiye baburansu. A motar ɗaukar baƙinsu aka kai Auta likita, laka ta ɓata kujerun, ya wanke abinsa bai ce uffan ba. Baba Maigadi ya kwana biyu a kan kangon gidana da tocila da sanda, don kada a kwashe kwanon rufin. Yaran da suka raba aikin darena tsakaninsu duk tsawon lokacin nan, kowa bayan ya gama nasa wunin, ba su bari an yanke mini ko kwana ɗaya a albashi ba.

Sai Inna mai wanki. Wallahi nan ne hannuna ke rawa. Matar nan ta haura sittin, yatsunta duk sun tsattsage saboda omo da ruwan wankin zannuwan gado. Daren farko a likita, ba mu da ko ƙyallen da za mu rufa wa yarinya, komai ya jiƙe. Sai ga ta da ƙunshi a ka: tsofaffin zannuwan da aka daina shimfiɗa wa baƙi, ta roƙo su, ta wanke, ta goge su da dutsen guga na gawayi don ba kuran, wato wutar lantarki, a unguwarsu. Da ɗuminsu ta kawo. Ta kwance bakin zanenta ta ciro dala ɗari biyu duk a cukurkuɗe ta cusa mini a aljihu. Na ce, "Inna, ki bari don Allah." Ta ce, "Ɗan nan, rufa mini baki. Jikata na ba, ba kai ba." Ta zauna tana yi wa Auta tatsuniya har yarinyar ta daina kiran bango a cikin barci.

Ku da ba ku san asusunmu na taimakon juna na ma'aikatan otal ba, tun 2019 muka fara shi, lokacin da Najeriya ta rufe boda, hanyar Ɗan Isa da Jibiya ta mutu, ƴan kasuwar Katsina da Kano suka daina zuwa, ɗakuna suka zauna wayam har aka fara sallamar mutane. A 2023 aka sake shan irinta, ga boda a rufe ga kuran an yanke. Jika ɗaya, wato sefa dubu, kowa ke zubawa a wata. Ni da bakina na taɓa cewa a taro kuɗin nan ya yi yawa ga mai ɗaukar albashin da bai wuce jika 42 da gwamnati ta yanka ba. Allah Ya yafe mini wannan magana. Daga asusun nan aka biya hoton ƙashi da magani, don Auta ta cika shida, ta wuce shekarun da ake duba yara kyauta. An rage kuɗin likita da rabi daga farkon Satumba, ya taimaka, amma da ba ku ba da ban kai ko'ina ba. Ƴan uwa na Damagaram, Tawa, Ƙonni da Yamai, wasunku ko fuskarku ban sani ba, sai dai a ce mini je ka Nita, wurin aika kuɗi, an turo. Akwai mai wankin kwanoni a Agadas da ya aiko jika biyu, ya ce a ba ni haƙuri wata ya yi nisa.

Makonni muka yi a ajin lakwal tare da wasu iyalai, allo ne bangonmu, har aka ɗage komawar yara zuwa 28 ga Oktoba. Kullum da azahar sai ga kwanon abinci daga kicin ɗin wani otal, yau wannan gobe wancan, sun tsara abinsu ban sani ba. Matan da muke aji ɗaya da su har suna tambayar mai ɗakina wai wane Alhaji ne danginmu.

Dangi kuwa, to. Waɗanda suka zo, Allah Ya saka. Waɗanda suka ce hanya ta lalace daga Tibiri, na karɓi uzuri, ko da yake an ce mini an ga wani a babbar kasuwa ran Litinin. Ban riƙe kowa ba, na dai gani.

Ya Allah, duk wanda ya taka ƙafa, ko ya buga waya, ko ya ɗaga hannu ya yi mana addu'a, Ka biya masa buƙatunsa na duniya da lahira. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mana. Ka raya masa zuri'a, Ka tsare su daga ruwa da wuta da sharrin dare. Inna mai wanki, Allah Ya kai ki Makka, Ya sa hannun nan naki ya taɓa Ka'aba. Yaya Kuku, Allah Ya ba ka naka wurin. Allah Ya cika ɗakunanmu da baƙi na gari masu biya ba gardama, amin.

An ɗaga ɗaki ɗaya da bulo, ragin kuɗin siminti da aka yi ya zo mana a kan gaɓa, kuma mun koma gida. Ran Litinin zan karɓi teburina. Akwai kula biyu, bokiti shuɗi da wata babbar tukunya da har yanzu ban san masu su ba, suna nan wurin Baba Maigadi, mai abu ya biya ya ɗauka.