Yadda rijiyoyin Argungu suka koma Kamaru a taswirata

Aikin da aka ba ni shi ne ɗora rijiyoyin burtsatse na ƙauyukan kewayen Argungu a taswirar intanet, don masu gyara su san mai ba da ruwa da wadda ta mutu. Matasa sun zaga da wayoyi sun ɗauko lambobin GPS, ni kuma na haɗa taswirar da Leaflet, wata manhajar nuna taswira a shafin intanet, a kan OpenStreetMap, taswirar duniya ta kyauta. Ina buɗewa sai na ga Kebbi wayam. Da na ja baya, ashe ɗigo-ɗigon duk sun taru a Kamaru, arewa maso gabas da Yawunde.

Akwai wani tsohon safiyo a Birnin Kebbi da ya ƙware a wannan harka, shi na nufa. Amma mutumin da kowa ke damu ba a tura masa "Malam, taswira ta ƙi aiki" a zauna jira. Wannan kamar ka je wurin bakanike ne ka ce mota ba lafiya, alhali ka baro ta a gida.

Sai na rage fayil ɗin ya koma rijiyoyi uku, waɗanda duk da haka matsalar ke bayyana a kansu. Na goge sunayen masu unguwanni da lambobin wayarsu, domin amana ce, ba su ba mu don mu yi ta yawo da su ba. Na danna F12, maɓallin da ke buɗe wurin da burauza ke nuna kurakurai, ko zan ga jan rubutun kuskure, babu. Sannan na rubuta:

"Salamu alaikum Malam, an wuni lafiya? Ya iyali? Rijiya ta farko ya kamata ta fito a Argungu, wajen 12.7 arewa, 4.5 gabas, amma Kamaru take fitowa. Na gwada a Chrome da Firefox, duk ɗaya. Leaflet 1.9 nake amfani da shi, bayanan kuma GeoJSON ne. Ga fayil ɗin da layukan da ke karanta shi. In Malam ya samu sarari."

Ban bi shi da kira ba. Taimako ne, ba bashi nake bin sa ba.

Washegari ya amsa: "Ɗana, duba wace lamba ce a gaba." In za ka dasa ɗigo kai tsaye a Leaflet, lambar arewa ke fara zuwa, ta gabas ta biyo. GeoJSON kuwa, wato tsarin rubuta bayanan wurare a fayil, bisa ƙa'idarsa ta 2016, ta gabas yake sa wa a gaba. Manhajar da ta juya mana teburin bayanai ta bar ta arewa a gaba, sai aka karanta 4.5 arewa, 12.7 gabas.

Malam ya ce ambaton Kamaru ne ya sa bai sha wahala ba, domin inda ɗigo ya faɗa shi ke tona asirin ciwon. Da cikin teku suka faɗa, kudu da Ghana, inda sifili ya haɗu da sifili, da ya san lambobin ne ba su shiga ba. Da kuma 'yar tazara suka goce, da ya zargi cakuɗa tsohon ma'aunin taswirar Najeriya da ake kira Minna da ma'aunin GPS, wato WGS 84. Tun daga nan, duk ƙanen da ya kawo mini irin wannan kuka, nakan fara da tambayarsa ina ya so ɗigon ya fito, ina kuma ya fito.

Da na juya lambobin komai ya dawo gida, na koma na gaya wa Malam abin da ya yi magani, na yi godiya. Da yawa ba sa komawa, abin yana min ciwo, don shi ke kashe wa masu sani gwiwa. Na kuma ƙara wani ɗan shinge a aikin: duk rijiyar da ta fita daga 10 zuwa 14 arewa, ko 3 zuwa 7 gabas, taswirar za ta ƙi karɓarta, ta nuna layin da take.