Kwalbar da na so in hana a sake cika ta

Ina zaune a kan benci a shagon zuma na Kawu da ke Sabon Garin Zariya, lokacin na gama karatun injiniya ban samu abin yi ba, sai ga wani yaro ya dire kwalbar zuma a kan teburi. Ya ce, "Hajiya tana gaisuwa, ta ce don Allah a ɗanɗana." Kwalbarmu ce, ga takardarmu manne a jiki har da lambar waya. Kawu ya buɗe, ya shinshina, ya lakato da ɗan yatsa ya kai baki. Bai ce komai ba, ya miƙo mini. Sukari ne aka dafa har ya yi ja, aka ɗan surka da zuma don ƙamshi, kana haɗiyewa ɗacin ƙuna ya tsaya maka a maƙogwaro. Yaron ya ce a wani shago aka sayo ta wajen Kwangila, shagon da Kawu bai taɓa kai ko kwalba ɗaya ba.

Kawu ya canza wa Hajiya da wata, ya ba yaron kuɗin mota. Bayan ya tafi sai ya juyo gare ni. "To Injiniya, ga ranar bokonka. Ka yi mana kwalbar da in ta ƙare ta ƙare." Da zolaya ya faɗa, amma ni na ɗauka da gaske, kuma maganar ta cinye mini kusan wata bakwai.

Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a san yadda kwalbar ta je can. A garin nan kwalba ba ta mutuwa. 'Yan gwangwan suna bi unguwa unguwa suna saye, a wanke, a jera a kasuwa, masu zoɓo da kunun aya da man gyaɗa su saya. Wannan sana'a ce ta halak, ba ni da ta cewa a kanta. Abin da na lura da shi da na zaga shi ne, kwalbar da takardarta ba ta yage ba tana da nata masu nema daban, kuma ba don su zuba zoɓo ba. Na ga wannan da idona tun makon farko, amma ban fahimci abin da yake gaya mini ba sai can daga baya.

Da na fara karatu a kan abin, na tarar ba ni na fara wannan mafarki ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masu ƙirƙira a Amurka da Ingila suke ta yin rajistar dabaru iri iri na kwalbar da ba a sake cikawa, yawanci saboda masu sayar da barasa da ake cika musu kwalabe da ta banza. A 1872 wani Bature ɗan Ingila, Hiram Codd, ya fito da kwalbar lemo mai ƙwallon gilashi a wuya, iskar lemon ce ke tura ƙwallon ya toshe baki. Tasa ana sake cika ta, amma daga nan na fara ganin yadda ƙwallo ke zama ƙofa. A zamaninmu ma ƙasar Sifen ta kafa doka, tun daga farkon 2014, cewa man zaitun da ake ajiyewa a teburin gidajen abinci dole ya zo a mazubin da ba a iya sake cikawa, Italiya ma tana da irin wannan doka, Fotugal kuwa ta riga su. Na ce a raina, tunda an yi wa man zaitun, zuma ma za a yi mata.

Dabarar a takarda mai sauƙi ce. Ka sa ɗan bututu a cikin wuyan kwalba, ƙasansa da rami, ƙwallo na zaune a kan ramin. In kwalba na tsaye, nauyin ƙwallon ya toshe hanya, duk abin da ka zuba ta sama sai ya tsaya a baki. In ka karkata ta, ƙwallo ya gangara gefe, abin ciki ya fito.

Na ɗauki zanena na kai wa wani dattijo mai injin fere ƙarfe a Muciya. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce, "Yaro, wannan na wace mota ne?" Da na yi masa bayani ya yi dariya har da buga cinya, amma ya karɓi aikin. Bakin kwalbar robarmu milimita 28 ne, irin na kwalbar lemo, don haka sararin ciki bai fi kaurin babban yatsa ba, kuma a nan za a cusa komai. Ya fere mini bututun daga sandar farar roba mai tauri, ina tsaye ina kallon zaren roba na fita yana naɗewa kamar taliya. Ƙwallon farko ƙwayar boris ce ta babur. Kwana kaɗan a cikin zuma ta fara baƙi, domin zuma tana da ɗan tsami a halittarta, ƙarfen boris kuwa ba wanda ba ya tsatsa ba ne. Na jefar, na koma ƙwallon gilashi.

Na gwada da ruwa, abin ya yi kyau har na kira Kawu ya gani. Ka zuba ta sama, ruwa ya tsaya cak. Ka karkata, ya zubo. A daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta lissafin yadda masu man ridi da man habbatus sauda za su yi layi a ƙofar gidanmu.

Washegari na zuba zuma. A lokacin hunturu ya kankama, irin sanyin Zariya da ke sa mutum jin tsoron ruwan alwalar asuba. Na kifa kwalbar a kan kofi, na jira. Shiru. Ƙwallon ya manne a gurbinsa kamar an sa masa gam. Da ƙyar ya saki, zuma ta fara fitowa siririya kamar zare, can kuma ta tsaya. Kuskure biyu na yi a wuri ɗaya. Na farko, kaurin zuma ya ninka na ruwa sau dubbai, kuma sanyi na ƙara mata kauri. Lita ɗaya ta zuma ta kai kilo 1.4, gilashi kuwa nauyinsa bai wuce ninki biyu da rabi na ruwa ba, saboda haka a cikin zuma ƙwallon ya rasa fiye da rabin nauyinsa, tafiya yake kamar hawainiya. Na biyu, na manta da iska. Duk abin da zai fita daga kwalba sai iska ta shiga ta maye gurbinsa. Ruwa yana ba iska hanya, shi ne ƙarar ɓul ɓul da muke ji. Zuma ba ta bayarwa. In ka matse robar, zuma ta fito, amma kana saki ƙwallo ya koma ya rufe, kwalbar ta tsaya a lotse kamar an take ta.

Na faɗaɗa ramin, na ƙara wata 'yar hanyar iska a gefe. Da abin ya fara aiki sai na yi shawarar da ita ce mafi amfani a duk aikin nan: na kira Autanmu, yana aji biyu na babbar sakandare, na ce in ya iya cika kwalbar nan ba tare da ya fasa ta ba zan ba shi naira dubu.

Ko sallar la'asar ba a kira ba ya kawo mini ita cike. Tsinken tsintsiya ya zura ya ture ƙwallon gefe, ya zuba da mazurari. Na biya. Na koma wajen dattijo muka ƙara wani faifai a sama, hanyar ta zama mai lanƙwasa yadda tsinke ba zai kai ga ƙwallo ba.

Karo na biyu ko tsinke bai ɗauka ba. Ya matse kwalbar, ya kifa bakinta cikin kwanon zuma da ya ɗumama a rana, ya saki. A kife ai ƙofa a buɗe take, sai kwalbar ta zuƙe zumar da kanta. Ya yi haka sau da yawa har ta cika. Ya miƙo hannu yana cewa, "Yaya, a ƙara wani gyaran mana, ina tara kuɗin takalmi ne."

Maganin wannan shi ne ƙwallo biyu, kuma har yau ina jin daɗin tunawa da shi. Ɗaya mara nauyi, wanda ke iyo, shi ne ke kusa da ramin. Na same shi a bakin ƙananan kwalaben turaren mai, waɗanda ake gogawa a jiki. Ɗaya mai nauyi a bayansa. In kwalba na tsaye, mai nauyi ya danne mara nauyi a kan rami. In an kifa ta don tsiyaya, mai nauyi ya ja baya, zumar ciki ta ture mara nauyin ta wuce. In kuwa aka yi yunƙurin tura wani abu daga waje tana kife, mara nauyin ya taso kan abin da ake turowa ya toshe ramin. Muka kuma fere ɗakin ƙwallon da gangare, don ko an kwantar da kwalba mai nauyin ya ci gaba da dannewa. Auta ya yi kwana huɗu yana fama. Na fara taƙama.

Rana ta biyar ya ajiye ta gabana cike taf, bakinta lafiya lau. Ya ɗaga gefen takardar, ya huda jikin robar da ƙusa mai zafi, ya cika da sirinji, ya shafe hudar da bakin wuƙa mai zafi, ya mayar da takarda. Na yi wata da watanni ina gadin ƙofa, shi kuwa ta katanga ya shigo.

Kwalbar gilashi za ta hana matsewa da huda, na sani. Amma sai an yi mata wuya na musamman mai tsagi, wanda abin zai shige ya kama yadda ba ya fita sai an karya. Na je Kano, na shiga wata masana'antar roba a Sharaɗa na tambayi kuɗin ƙarfen zubi na 'yan ɓangarorin nan huɗu kawai. Abin da aka faɗa mini, da yawan da za mu yi oda kafin su kunna inji, ya fi duk jarin Kawu har da shagon. A motar dawowa ban yi magana da kowa ba har muka wuce Kwanar Dangora.

Wadda ta ƙarasa rushe ginin kuwa Inna ce. Na ba ta kwalba ɗaya ta gwada a gida. Da zumar ta zo ƙarewa sai ta ɗebo ruwan ɗumi za ta zuba ta girgiza, yadda kowace mace ke yi don ta tattaro ragowar ta sa a kunu. Ruwa ya ƙi shiga. Tana ganin zuma kwance a gindin kwalba da jikin bango, ba halin ɗauka. Ta ce, "Wannan wace irin rowa ce? Na sayi zuma da kuɗina, kwalba ta hana ni sauran, kuma in ta ƙare ko man gyaɗa ba zan zuba ba? Kai ɗan nan, wannan ai almubazzaranci ne." Ban sami amsar ba ta ba. A ƙasar da kwalba ita ce ma'aunin manja da man gyaɗa da kananzir, na zauna ina ƙera wadda za a jefar a kwata. Don in hana mutum ɗaya mai algus, na ɗora wahala a kan mutum ɗari masu gaskiya, kuma shi ɗayan ma ban hana shi ba.

Sai a lokacin abin da na gani a kasuwa ya dawo mini. Mai algus ba kwalba yake nema ba, kwalabe sun cika gari. Sunan Kawu yake nema. Ba kwalbar ce ya kamata ta mutu in an buɗe ba, takardar ce.

Abin da muka koma yi ba shi da ƙwallo ko ɗaya. Murfi mai zobe, wanda ke tsinkewa a buɗewar farko. A ƙarƙashinsa siririn falle mai kalar azurfa da ake mannewa a baki da ɗan injin zafi. Irin waɗannan hatimai sun yaɗu ne bayan abin da ya faru a Shikago a 1982, inda aka sa guba cikin maganin Tylenol mutum bakwai suka mutu, kuma aikinsu ba hana buɗewa ba ne, tona asirin an buɗe ne. Muka cire babbar takardar jikin kwalba gaba ɗaya. Sunan shago yanzu yana kan siririyar takarda mai saurin yagewa, wadda ta haye kan murfi ta sauko gefe biyu, ba ka buɗewa sai ka raba sunan gida biyu. Kowace kwalba da lambarta, muna rubutawa a littafi tare da shagon da aka kai ta. Wannan na kwaikwayo ne daga tsarin da hukumar NAFDAC ta fara a 2010 na kankare lamba a jikin magani a tura saƙo, sai dai namu Kawu ne ke ɗaukar waya ya buɗe littafi. Sannan muka dawo da tsohon tsarin kwalbar lemo: ka dawo da kwalba, a rage maka kuɗi a sayayya ta gaba, kuma ragin ya ɗara abin da ɗan gwangwan zai ba ka.

Tsugune ba ta ƙare ba, don duk mai injin buga takarda zai iya kwaikwayon tamu in ya so, kuma sau ɗaya an kira Kawu da lambar da littafi ya nuna an sayar da ita tun bara. Amma yanzu mai son yin haka sai ya kashe kuɗin bugu da murfi da injin hatimi, ba tsintar kwalba kawai ba, kuma tun daga lokacin ba a sake aiko yaro da saƙon a ɗanɗana ba.

Kwalbar ƙwallo biyun tana nan a kan kantar Kawu, da sauran zuma a gindinta da ta daskare ta yi fari. In baƙo ya tambaya, Kawu kan ce, "Digirin Injiniya ke nan." Auta ya sayi takalminsa. Kwanan baya wani mai man ridi daga Samaru ya gan ta, ya ce man ridi ai bai kai zuma kauri ba, ko zan gwada masa. Na ce ya kawo kwalba biyu, kuma ya zo da naira dubu ta Auta.